Ƙulli Ɗaya, Ƙulli Biyu

Shekara talatin da ɗaya Usta Gabir ya yi yana riƙe da sito a sansanin sojan sama da ke bayan gonakin auduga, can hanyar Iskandariya ta ƙasar Masar. Usta shi ne laƙabin da ake yi wa gwanin sana'a a can. Kayan gyaran jiragen nan masu faifai a gadon baya, masu hango abokan gaba tun daga nesa, duk a hannunsa suke. Mutum ne mai tsantseni har ya yi yawa, ko ƙusa ɗaya ka nema sai ka sa hannu.

Dokar sito ba ta da wuya: abu mai kyau a ɗaura masa koren kati, wanda ya lalace jan kati. Abin da ba wanda ya sani, har matarsa, shi ne idon Gabir bai taɓa raba ja da kore ba. Da an gano, da an sallame shi tun yana saurayi. Sai ya yi wa kansa dabara. Duk abin da makanikai suka kawo sai ya tambaya, kamar mai gwada su, "Mai rai ne ko gawa?" Mai rai ya yi wa zaren katin ƙulli ɗaya, gawa ƙulli biyu.

Ranar da ya aurar da 'yarsa, wani ya tsare masa sito. Bawan Allah, don gwaninta, ya cire tsofaffin zarurruka ya sa waya. Da Gabir ya dawo, kafin ya ajiye kwanon wakensa na karin kumallo sai ga Kyaftin Wagdi, matuƙin jirgi na huɗu, yana buga kantar sito.

"Usta, famfon mai! Ko sai na kawo takarda daga kakata? Sabo ai sai bayan wata takwas zai iso, ba ni abin da ke nan."

Famfo biyu ne a kan shiryayye, ɗaya mai rai, ɗaya gawa, ba ƙulli ko ɗaya. Kalma guda ce za ta raba gardama, amma kunya da tsoron sallama suka kama bakinsa. Ya ɗauki na dama ya miƙa.

Kwana tara bayan nan jirgi na huɗu ya tashi kan teku da mutum biyar, har da Wagdi, bai dawo ba. Masu bincike suka ce iska ce. Gabir ya sa famfon da ya rage a akwati, ya tura bayan shiryayye. Shekara goma sha bakwai kullum da safe sai ya buɗe, ya zuba wa katin ido, katin kuma bai ce masa komai ba. Duk wanda ya buga kanta, sai Gabir ya ji kamar Wagdi ne. Yaro ɗan shekara huɗu zai iya gaya masa launin, amma bai taɓa tambaya ba.

Ranar ritayarsa, Saje Hilmi da zai gaje shi yana bin shiryayye ɗaya bayan ɗaya, har ya jawo akwatin.

"Bar shi, Hilmi, tarkace ne."

"Tarkace? Haba Usta, tsufa ya fara taɓa ka!" Hilmi ya ɗaga famfon yana dariya. "Shekara nawa muna neman irin wannan, kai kana kwance a kansa. Lafiyarsa ƙalau, ga koren kati nan."