Sunan da Muka Bari a Tsohuwar Rajista

Yayana ne ya rubuta kwantiragin farko, a ɗakinmu na haya a Kalgo, yana shekarar ƙarshe a jami'a. Manhaja ce da ake ɗorawa a kan bulokcen, wato kundin intanet da ba ya hannun mutum ɗaya; in ta hau, ba mai iya goge ta ko gyara ta, ko da wanda ya rubuta ta ne. A ciki muka zuba rajistar ƙungiyarmu ta matasa manoman shinkafa, sunan kowa da fegin da yake nomawa a fadama. Sunansa ne na ɗaya.

Da ƙungiya ta girma, tsohon kwantiragi ya gaza, dole mu gina sabo mu kwashe bayanai. Na ce masa, "Yaya, bar ni in kwashe su gaba ɗaya, aikin wuni guda ne." Ya ce atafau. Kowa da kansa zai ɗauke sunansa, da makullinsa na sirri, don kada wata rana wani shugaba ya mayar da gonar wani ta ƙaninsa. Muka yi ta musu har na yi zuciya na tafi gida Gwandu kwana biyu. Taurin kai gare shi, wallahi, kuma abin haushin, yana da gaskiya.

Makullin nan kalmomi ne goma sha biyu. Kowa ya rubuta nasa a takarda ya ɓoye, ban da Yaya. Wai wanda ya haddace izu sittin ne zai rubuta kalma sha biyu?

Saura mako guda a fara ƙaura, zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi.

Ni na ƙarasa rubuta sabon kwantiragin. Na hau babur ina bin mutane gona-gona, kowa ya sa makullinsa, sunansa ya tashi daga tsohuwar rajista ya sauka a sabuwa. Kullum tsohuwar tana raguwa, har ta koma suna ɗaya, nasa. Wayarsa da makullin ke ciki tana hannuna, amma ba ta buɗewa sai da yatsansa. Na zazzage littattafansa, na duba har gefen shafukan Alƙur'aninsa, ina kuka ina yi masa faɗa. Haba Yaya! Ko a bango ne ai da ka rubuta.

Ba a yi rigimar fegi ba, matarsa ke nomawa. Sunan ne ya hana ni sukuni.

Na je Gwandu na tarar da Inna tana tsintar shinkafa a faifai. Ba ta san bulokcen ba, sai na ce mata kamar unguwa ce aka tashi aka koma sabuwa.

Ta ce, "Kowa ya tashi?"

Na ce, "Kowa, Inna."

"Har kai?"

"Har ni."

Ta ajiye faifan. "To ka mayar da naka can, ka zauna da ɗan'uwanka. Kada a bar mini shi shi kaɗai."

Na ce to. Na kasa gaya mata cewa wanda ya tashi ba ya komawa, kuma wannan dokar ba Yaya ya rubuta ta ba, ni ne.