Tekun da Aka Haɗa da Gishirin Shanu

A wayar wata ƙawata na fara ganinsa, muna zaune a shagon ɗinki a Kaura Namoda. Akwatin gilashi ne mai tsawon gado, cike da ruwan teku. Murjani mai rai, irin mai tsirowa a ƙarƙashin teku, yana kaɗawa a ciki kamar geron da iska ta taɓa, ƙananan kifaye ja da rawaya suna ratsa shuɗin haske. Na kalla har cajin wayar ya ƙare. A littattafan da nake haya a lokacin, masoyi yakan kai yarinya bakin teku. Ni ban taɓa wuce Gusau ba, sai na ƙudura cewa tekun ne zai zo ɗakina.

Akwai mai zuwa zance wurina, ɗan Zurmi, mai yankan gilashin taga, yana kuma kabu-kabu da babur idan aiki ya yi ƙasa. Hannayensa duk tabon yanka ne, kuma bai iya kalamai ba. Na nuna masa hoton, na ce wanda ya kawo mini wannan shi zan aura. Da wasa na faɗa. Da na ga ya ɗauka da gaske, ban gyara ba.

Wata huɗu yana shiri. Duk la'asar sai ya zo da takardar buhun siminti da ya yi zane a bayanta, ya zauna a bakin tabarma yana yi mini bayani: kaurin gilashin da zai riƙe nauyin ruwa, famfon da zai riƙa juya shi don murjani ba ya son ruwa a tsaye, matatar ruwa, fitila shuɗiya. Tunda wuta ba ta zama, dole sola da batir. Ni ina jin sa ina duba lallen ƙafata. Ranar da ya zo a ƙasa, gumi har wuyan riga, na gane babur ɗin ne ya zama sola. Wani daɗi na ji, irin na taurarin littafi.

Gishiri ne ya rage. An gaya masa akwai na musamman, sai an aiko daga Legas. Ya tafi kasuwar Moriki ya sayo balma, irin wadda ake ba shanu su lasa.

"Gimbiya, gishiri ai gishiri na," ya ce. "Wanga ma ya hi ƙarhi."

Ranar gwaji na ci kwalliya, na gayyaci ƙawaye uku zuwa shagon abokinsa. Akwatin ya yi kyau ƙwarai, ko ɗigo ba ya yi, famfo yana gurnani a hankali. Amma ruwan ya yi ja kamar na kududdufi. Kafin a yi odar kifin teku, ya ce zai gwada da karfasa masu rai da ya karɓo wurin masunta a jarka. Ya juye su. Suka yi ta dukan gilashi, sannan ɗaya bayan ɗaya suka juya farin cikinsu sama, famfon yana yawo da su a ƙarƙashin fitilar.

Ƙawayena suka rufe baki da mayafi. Ni ban rufe ba.

"Malam, kawo mai da tattasai mana," na ce, "tunda ka riga ka sa gishiri."

Ya roƙi in ba shi wata ɗaya. Na ce masa wanda bai bambance teku da garken shanu ba, ba shi zai riƙe ni ba. Ban ƙara fita zancensa ba.

Bayan shekaru, na je suna Shinkafi da goyona, na hango akwatin a tasha a kan tebur, fitilar shuɗiya tana nan a samansa. Soyayyen kifi ne jere a ciki, tsohon saurayin nawa yana zaune a bayan tebur yana sayarwa. Bai sake mallakar babur ba, aka ce, kuma rashin tsaro ya taso su daga ƙauyensu. Ya ɗago ya gane ni, ya ce, "Hajiya, na nawa za a sa?" Sannan ya juya yana korar ƙuda daga gilashin da tsumma.