Man Juyen da Surukina Ya Kawo

A-kori-kurata ta girmi 'yata, kuma da ita nake kwaso akuyoyi zuwa mayankar Enugu tun gemuna baƙi ne. Karatuna bai wuce aji uku ba, amma a fannin baƙin mai ni shehi ne. Mai kaurin nan na da nake zuba mata, wanda in ka murza shi a yatsa sai ka ji kamar kitsen rago.

Sai mijin 'yata, ma'aikacin ofis haifaffen unguwar Coal Camp ta Enugu, ya zo gaisuwa da man juye a galan mai ƙyalli. Ya durƙusa ya ce, "Baba, wannan sintetik ne, man zamani. Injin zai huta."

Kyautar suruki ba a mayar da ita. Na sa albarka, aka juye.

Kafin sati motata ta fara fitsarin kwance. Man tsinkakke ne kamar shayi, duk wata tsohuwar kafa sai da ya gano ta. Na kasa zama. In leƙa ƙarƙashinta, in watsa ƙasa a kan ɗigon, in dawo in sake leƙawa. 'Yata dama jira take injin ya buga ta zaunar da ni a gida. Ni da zaman tabarma kuwa ba mu taɓa shiri ba. Kuma da wane bakin zan ce wa suruki mansa ne?

Na lallaɓa wajen bakanikena, mutumin kudancin Kaduna, wanda muka tsufa muna tsokanar juna. Ya shiga ƙarƙashi ya fito yana dariya.

"Alhaji, dattin da ya toshe ramukan nan shi ke riƙe da injin. Ka je ka yi wa tsohuwa wankin ciki!"

"Ni na yi? Ilimi ne ya yi."

"To ko a sauke inji a canza roba duka, ko ka koma mai kaurinka."

Sauke inji yana nufin 'yata ta ji labari. Na ce a juye mai kauri. Sauran mai kaurin kuma na sa ya ɗura mini a galan mai ƙyallin, na ajiye a bayan kujera inda kowa zai gani.

Da Juma'a surukina ya kasa kunne ga ƙarar motar ya ce, "Baba, ka ji yadda muryarta ta yi laushi?"

Na ce, "Ai tun ranar nake ji. Amma kada ka ƙara wahala, galan ɗin nan zai kai ni shekara."