Injinan da ke Bayan Ɗakin Inna

Na daɗe ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare da ke hanyar Chanchaga. Duk shekara sai na zana duniya a allo, na yi mata bargo da alli, na gaya wa ɗalibai cewa hayaƙin da gidaje da motoci ke saki shi ne ke lulluɓe ta har take zufa. Misalan littafin duka na nesa ne, benaye masu gilashi a biranen da ba mu taɓa zuwa ba. Marubucin bai san da lungunmu na Dutsen Kura ba.

Gidanmu kakana ne ya gina shi, lokacin da aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Minna. Bango mai kauri, rufi can sama, da wasu ƙananan ramuka kusa da rufin inda zafi ke fita. Da ina yaro fili ne ya kewaye mu. Yanzu gidaje sun matsu, idan maƙwabci ya yi atishawa daga kan gadonka za ka yi masa addu'a. Jiharmu ce mai madatsun ruwan da ke ba ƙasa lantarki, amma wutar takan leƙo mu ne kamar dangin nesa, ta gaisa a tsaye ta wuce. Saboda haka kowane gida ya sayi janareta. Kuma babu mai ajiye nasa a gaban tagarsa; bayan gida ake kai shi. Abin da ba a lura ba shi ne, a lungu irin namu bayan gidan kowa tagar wani ce. Ɗakin mahaifiyata, Inna, yana daidai kusurwar da bayan gidaje ya haɗu.

Ƙanena da ke aiki a Abuja mutum ne mai son uwarsa, kuma soyayyarsa da siminti take zuwa. Ya sa aka toshe ramukan kaka saboda sauro, aka sauko da silin, aka kafa esi mai sanyaya ɗaki, ya sayo mana injinmu. In injin na aiki ɗakin kamar firji. In mai ya ƙare, tanda. A buɗe taga kuma, hayaƙin maƙwabta ya shigo ba sallama.

A wata bazara asmar Inna ta tashi sosai. Likita ya ce a raba ta da hayaƙi. Ƙanena ya kira ni a waya.

"Yaya, ƙarshen wata zan zo in ɗauke ta. Ɗakinta yana nan a shirye."

Da na kai mata saƙon, sai ta ce, "A ɗakin nan aka kawo ni, daga nan za a fitar da ni. Ka gaya masa."

Na san in ta tafi Abuja za ta yi numfashi, amma ba za ta ƙara dariya ba. Sai na bi gidajen maƙwabta da bayani irin na aji. Sun saurare ni da ladabi. Mai askin lungun har cewa ya yi, "Allah ya ƙara basira, Malam." Da yamma ya tayar da injinsa.

Inna kuwa sai ta canza tsarin dubiya. A da a rumfar tsakar gida take karɓar masu zuwa gaishe ta. Yanzu ta ce a shigo da su ɗaki, bayan azahar, a kashe esi, a buɗe taga. Mai dubiya kuwa ba ya tashi sai an sallame shi, ita kuma ta daina sallamar kowa da wuri.

Ina zaune a bakin ƙofa ranar da maƙwabciyarmu tela ta zo, mutuniyar Bida, tare da matar mai aski da wata matar da gidanta ke jingine da katangarmu. An gaisa, an tambayi jiki, an kawo kunun zaƙi. Telar ta fara fifita da mayafi, ta yi tari, sannan ta karkata kunne wajen taga.

"Hajiya, wannan injin mai tari kamar tsohon akuya, na waye?"

"Ni ina na sani, 'yata? Kullum dai yana gaishe ni."

Telar ta ƙara saurare. Ta ajiye kofi. "Innalillahi. Nawa ne. Na san shi, haka yake yi in ya sha mai." Ta dubi matar mai aski. "Wancan mai kukan jariri kuma naku ne, kar ki wani sunkuyar da kai."

"Namu ai ƙarami ne!"

"Ƙarami? Shi ya fi kowa baki."

Aka yi dariya har Inna ta nemi abin shaƙarta na asma. Sai ta ukun ta yi magana a hankali. "Hajiya, ki yi haƙuri. Naku ma a tagar 'ya'yana yake."

Inna ta juyo ta dube ni. "To, Malam, wannan yana cikin littafin?"

Ba a gyara lungun a rana ɗaya ba. Namu muka fara kashewa, don ba a roƙon abin da ba a yi ba. Na sa aka fasa simintin ramukan kaka aka sa musu raga, aka cire silin, aka shafa wa kwanon rufi farin fenti. Ƙaramar sola ta ɗauki fanka da fitila. Telar ta sa tata solar kafin damina, tana cewa ko ba komai ta huta da jan igiyar inji. Mai aski ya bi baya, bayan matarsa ta sa shi ya zo dubiya da kansa. Mai sayar da ƙanƙara a bakin lungu har yau injinsa na aiki, amma ya matsar da shi wajen titi, kuma yakan aiko wa Inna da ruwan sanyi kamar mai neman gafara.

Ƙanena ya zo da mota kamar yadda ya ce. Ya tarar da ita a ɗakinta tana tsince shinkafa, iska na shiga ta taga tana fita ta sama. Ya daɗe yana kallon ramukan da ya toshe. Ya tambayi esinsa, ta nuna masa: ta lulluɓe shi da ƙyalle mai ado don kada ya yi ƙura. Ya koma Abuja da doya da daddawa a kujerar da ya tanadar mata.

Abin shaƙarta yana nan a ƙarƙashin matashi, ba ta rabu da shi ba. Amma tana ɗakinta. Duk sanda na wuce shagon telar nakan tsaya in gaishe ta fiye da yadda gaisuwa ke buƙata, ita kuma takan ce, "Malam, ka wuce, kana tare min haske."