Ruwan da Kakanni Suka Bari

A Umbadda muka taso, a wani gida mai ɗaki biyu kusa da kwarin da ke bayan unguwa. Kakata, da muke kira Habboba, takan kunna gawayi bayan magariba ta ɗora jabana, butar dafa gahawa, mu kuma mu kewaye ta a kan angarib, gadon igiya, muna jiran tatsuniya. Ni ne mai yawan katse ta.

"Kai Isiyaku, bakinka ya fi cikinka girma," takan ce. "Ga ta nan tafe, ku ba ta wuri."

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta Ƙasa da Gajimare. Wai aminai ne. Duk damina Gajimare yakan kawo ruwa ya ce, "Ƙasa, ajiye mini wannan." Ita kuma ta ɓoye a ƙarƙashin yashi, tana ɗan sam wa mutane ta bakin rijiya. Wata shekara Gajimare ya tafi aikin hajji da ƙafa, irin tafiyar iyayen Habboba, ya daɗe bai dawo ba. Rijiya ta ja baya. Wani mai raƙuma ya ƙulla igiya a kan igiya, kullum yana ƙarawa, yana murna ya fi kowa dabara. Rannan guga ya fito da laka, Ƙasa ta ce masa, "Bawan Allah, wanda ka sha bara na zamanin kakanka ne. Na bana na kakan kakanka ne. Daga nan babu."

"To me ya hana ya ƙara igiya?" na tambaya.

Ta dungure mini kai. "Ka ji ɗan'uwansa!"

Yanzu ni ke kula da injin rijiyar burtsatsen unguwarmu. Damina ta gajarce. In ruwan ya zo ma, da ƙarfi yake zuwa, ya rushe katangu ya bi kwari ya wuce, ƙasa ba ta samu ta sha ba. Sau biyu muna ƙara bututu. Ban yi zurfin karatu ba, amma na san abin da nake gani, kuma duk da haka nakan bar injin yana aiki har yamma don masu buga bulo, saboda suna gaishe ni da girmamawa, ni kuma ina son haka. Allah ya yafe mini.

Makon jiya injin ya fara jan iska. Matan unguwa suka tsaya da jarkoki, ruwan da ya fito kuma da ɗan gishiri. Da la'asar Usta Babikir mai bulo ya iso da tankinsa.

"Ya Hajj, a cika mana kamar kullum."

Na ce masa daga yau ruwan nan na sha ne kawai. Ya yi fushi, ya tafi bai yi sallama ba. Na kashe injin na zauna a bakinsa, ina roƙon Allah ya sa da safe matan su samu abin ɗorawa a wuta.