Kartar Bahago

Ko da tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin zan manta ranar da na tsaya a shagon buga takardu a Nasarawa Gwom da ke Jos, da goyo a bayana, ina nuna wa mai shago aikinsa.

Surukina tsohon mahauci ne a Abatuwa. Tun da ya ajiye wuƙa, abin da ya rage masa kartar la'asar ce a ƙofar gida, shi da abokansa uku, ba caca, sai tsiya da dariya. Da idonsa ya yi rauni sai ya fara jefa shida a madadin tara. Abokan suka samu abin yi: "Sarkin fawa, ko a ƙaro maka tabarau ne?" Ya yi dariya kwana biyu, a na uku ya shige ɗaki. Mako guda bai fito ba, abinci ma yadda na kai haka nake ɗaukowa. Hankalina ya tashi, don na ga yadda zaman ɗaki ya cinye mahaifina.

Maigidana ya sa aka buga wa Baba, surukin nawa, karta ta musamman mai manyan lambobi. Baba ya baza ta a hannu, ya ajiye. "Allah ya yi albarka," ya ce, ya juya ga bango.

Ni ce mai kai musu shayi in suna karta, kuma tunda ba na iya haɗa ido da surukina, hannunsa nake kallo. Baba bahago ne. Ta ɗaya gefen yake baza karta, sai kowace ta rufe lambar 'yar'uwarta. Da can, ɗan gefen zane ya ishe shi ganewa.

Na faɗa wa maigidana, ya ce, "Ni ban gane ba. Saka hijabi, ki yi wa ogan shagon bayani da bakinki."

Na goya jaririna, sai shagon. Oga Ibo ne, ya daɗe a Jos. Ya saurare ni ya ce, "Madam, karta haka yake a duk duniya."

Ban san inda na samo ƙarfin hali ba. Na ɗauki guda biyar da hagu, na baza a gabansa. Ba lamba ko ɗaya, sai fararen kusurwoyi. Ya karɓa ya gwada da kansa, ya sake gwadawa, sai ya fashe da dariya ya jawo mini kujera gaban kwamfuta. "Zauna, ka nuna mini."

Daga nan bakina ya buɗe. Na ce a sa lamba a duk kusurwa huɗu. A ja layi ƙarƙashin shida da tara. Ledar nan mai ƙyalli da aka lulluɓe kartar da ita kuma kar a sa, don ranar la'asar tana haska ta, ta kashe ido. Ina magana yana gyarawa, ina ganin abin da ke kaina yana fitowa a gilashin kwamfutar, jaririna yana ja mini hijabi ban ma kula ba.

Da aka kawo, ina bayan labule. Baba ya baza, sai na ji yana karantowa: "Tara. Shida. Goma." Ya ce, "Wa ya lura?"

"Surukarka ce, Baba."

"To, a ce wa tsofaffin nan su shimfiɗa tabarma. Yau sai sun yi kuka."

Na zauna a ƙasa ina dariya, hawaye na zuba.

Tun ranar na daina haɗiye abin da idona ya gani don tsoron a ce ban isa ba. Ina faɗa, ko muryata tana rawa.