Yarinya Mai Kama Baƙi

Ina shekarata ta biyu a ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, zamanin soja, aka aiko da takarda daga Kaduna. Wai duk gidan da ake ajiye yaran da ba su isa makaranta ba sai ya yi rajista, kuma sai an je an duba shi. Gwamnatin da ta kasa kawo ruwa a famfon unguwarmu ce ta wayi gari da tausayin jarirai. Muka ce madalla.

Ni damuwata daban ce. 'Yata ta fari, mai shekara biyu, a irin wannan gida take wuni, gidan Iya a Limancin Kona. Iya tsohuwa ce da mijinta ya daɗe da rasuwa, ita ta yaye rabin unguwar, har da ni. Malaman makaranta da ma'aikatan asibiti suke kai mata yara da safe, su ɗauka da la'asar. Maigidana kuwa sharaɗi ɗaya ya gindaya min: muddin yarinya na hannun Iya, in je ofis, ranar da babu Iya, in dawo in zauna a ɗakina. Ba mutum ne mai maimaita magana ba.

A ofis ban gaya wa kowa ba. Ma'aikaciyar hukuma da 'yarta a gidan da ba shi da rajista?

Wadda aka turo dubawa wata Hajiya ce mai tabarau da jakar fata. Ta taɓa yin kwas a ƙasar waje, kuma ba ta yarda kowa ya manta ba. Ni aka haɗa da ita, wai na san lungunan birni. Motar ofis ta tsaya a bakin titi, muka taka, Hajiya tana ɗage zani tana tsallake kwata tana tsaki.

Muka yi sallama a zaure muka shiga. Yara goma sha wani abu suna zaune a tabarma ƙarƙashin durumi, ana shan kunu. Iya ta dube ni, ta dubi jakar Hajiya, ta gane. Ta gaishe ni kamar yau ta fara ganina, ita da ta sha wanke min kashi.

Hajiya ta zaro fom. Akwai lilo? Babu. Akwai akwatin magani? Iya ta nuna kwalbar man shafawa da ƙullin jar kanwa. Taga nawa ne a ɗakin barcin yara? Ɗaya, ita ma sai an nuna wa mutum. Soro ne na ƙasa, mai sanyi ko a tsakiyar bazara, amma fom bai tambayi sanyi ba.

"Ina takardar shaidar kin koyi renon yara?"

Iya ta ce, "Hajiya, takardun nawa duk sun girma, wasu ma sun yi aure."

Hajiya ba ta yi dariya ba. Duk da haka na ga alamar za a yi sassauci, don ta duba faratan yaran da kawunansu ta gyaɗa kai, har ta ce irin wannan wuri ana iya ba shi wa'adi ya gyara.

Sai 'yata ta hango ni. Ta ture kofin kunu, ta taho da gudu ta rungume ƙafata, ta tusa fuska a zanina.

A birni mace ba ta ɗaukar ɗan fari a gaban manya, ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ta san da shi. Kunya ce, kowa ya sani. Shekara da shekaru bayan nan, da wannan nake kare kaina in na tuna. Amma gaskiya ranar ba kunya ba ce, tsoro ne. Na tsaya ƙiƙam ina kallon fom, yarinya na jan zanina tana ɗaga hannu in ɗauke ta. Da ta fara kuka, na sa hannu na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

Hajiya ta ce, "Wannan 'yar wace ce?"

Iya ta zo ta ɗauke ta ta saɓa a kafaɗa. Ta ce, "Uwarta ma'aikaciya ce. Tana wurin aiki."

Hajiya ta sauke tabarau. A kwas an koya musu wannan, in ji ta: yaron da yake kama baƙon da bai taɓa gani ba, alama ce ba ya samun kulawa a inda yake. Lilo ana iya saye, taga ana iya fasawa, amma wannan ba ya gyaruwa da wa'adi. Ta yi min bayanin dalla-dalla don in ƙaru, ni kuma na ce, "Haka ne, Hajiya." Wallahi haka na ce.

Ni na buga rahoton a tafireta, da yake ni ce mai saurin hannu a ofis. Ni aka ba takardar rufewa in kai, tunda na san hanya. Iya ba ta karatun boko, don haka ni na karanta mata, na kuma fassara, har da layin da ya ce an ga wata yarinya tana kama baƙi.

Ta saurara har ƙarshe, ta ninke takardar ta sa ƙarƙashin tabarma. Ta ce za ta sallami yaran mutane, ba ta ja da hukuma. "Ke kuma gobe ki kawo min jikata. Ban ji inda kika karanta an hana mutum riƙon jika ba."

Haka aka yi. Wata malamar firamare ta ajiye aiki a watan nan, wata ma'aikaciyar asibiti ta dinga goya nata zuwa wurin aiki har aka yi mata kashedi. Ni kuwa ban rasa ko kwana ɗaya a ofis ba, har ƙarin girma na samu daga baya. An ce na nuna ƙwazo a aikin rajista.

Ran nan na je ɗaukar yarinya da la'asar. Tsakar gidan shiru, tabarma ɗaya kawai aka shimfiɗa. Na miƙa mata hannu, ta dube ni, ta koma bayan Iya ta riƙe zaninta. Na sake miƙawa, ta ƙi.

Iya tana tsince shinkafa a faifai, ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Kin gani, ta gyaru. Yanzu ba ta kama baƙi. Sai ki rubuta musu."